Sisi ta Ostiriya: matar sarkin da ta mai da yaji makami

Ranar 24 ga Afrilu 1854 aka ɗaura auren Elisabeth, 'yar wani reshe na gidan sarautar Bavariya, da Franz Joseph, sarkin daular Ostiriya, a cocin Augustin da ke birnin Viyana. Tana da shekara 16, shi kuma 23. Daga ranar ta zama matar mai mulkin ƙasar da Rasha kaɗai ta fi ta faɗi a Turai, ƙasar da ta haɗa Jamusawa da Hungariyawa da Cek da Polawa da Kuroshiyawa da Romaniyawa da Italiyawan Milan da Benis a ƙarƙashin rawani ɗaya. Sai dai muƙamin da yarinyar ta hau ba shi da hatimi, ba shi da kujera a majalisa, ba kuma wata takardar mulki da ke jiran sa hannunta. Abin da fada ke nema a wurinta shi ne ta haifi magaji, ta riƙa fitowa jama'a su gan ta, sauran kuma ta bar wa maza da surukarta. Ke nan duk jarin da take da shi a jikinta yake: mahaifarta, fuskarta, da kusancinta da kunnen sarki. Rayuwar Sisi, kamar yadda 'yan gidansu ke kiranta, ta fi sauƙin fahimta idan aka bi yadda ta gano cewa wannan jari ana iya hana shi, da abin da ta saya da hanawar, da kuma waɗanda suka biya kuɗin.

An haife ta a Munich ranar 24 ga Disamba 1837. Mahaifinta, Duke Max, ɗan dangin sarki ne amma daga reshen da ba ya gadon gado, don haka ba shi da aikin yi sai abin da ransa ya so: dawaki, kiɗan ƙauye, yawon duniya har Masar, da filin wasan dawaki da ya gina a cikin gidansa. Mahaifiyarta Ludovika 'yar sarkin Bavariya ce ta cikinsa, kuma ta rayu tana jin an aurar da ita ƙasa da 'yan'uwanta mata, waɗanda suka zama matan sarakunan Furushiya da Saksoni. Yaran sun tashi tsakanin Munich da gidan gona na Possenhofen a bakin tafkin Starnberg, ba tare da tsananin tarbiyyar fada ba. Ba wanda ya shirya Elisabeth don wani babban matsayi. Yayarta Helene ce aka ɗora wa wannan fata.

Wadda ta ƙulla maganar ita ce Gimbiya Sophie, mahaifiyar Franz Joseph, yayar Ludovika. A 1848, lokacin da guguwar juyin juya hali ta kori dangin sarki daga Viyana, Sophie na cikin waɗanda suka tsara saukar Sarki Ferdinand, mai fama da rashin lafiya, ta kuma shawo kan mijinta ya yafe gadon, aka naɗa ɗanta mai shekara 18 a garin Olmütz ranar 2 ga Disamba. Har kirari aka yi mata a lokacin cewa ita kaɗai ce namiji a fadar Hofburg. Da lokacin aurensa ya yi, tana son amarya Bajamushiya domin Ostiriya ta ƙara kafa ƙafa a tsakanin ƙasashen Jamus, inda Furushiya ke yi mata kishiya. An fara neman wata gimbiyar Furushiya, Berlin ta ƙi. Sai aka koma gida, a yi tuwona maina. A watan Agusta 1853 Ludovika ta kawo Helene garin shan iska na Bad Ischl, ta taho da Elisabeth mai shekara 15 a matsayin 'yar rakiya. Sarki ya ga ƙanwa ya manta da ya. Washegarin bikin cikarsa shekara 23 aka sanar da baiko. Da yake iyayensu mata ciki ɗaya suka fito, sai da aka nemo izinin Fafaroma.

Finafinai sun mai da Sophie muguwar uwar miji, kuma akwai ƙanshin gaskiya a ciki, amma ni ban ga adalci a tsaya nan ba. Mace ce da ta ga gadon sarautar Habsburg, gidan su Franz Joseph, ya kusa rushewa a idonta, ta ɗauka cewa abin da ya cece shi shi ne tsari, addini da kwarjini, kuma duk sassauci ƙofar wata fitina ce. A fadar da take gadi, ba mai kusantar sarki sai wanda kakanninsa 16 duk 'yan sarauta ne. An ƙayyade wanda zai fara magana, da wanda zai zauna, da wanda zai sumbaci hannun wa. Uwar ɗakin da aka ba amarya, Countess Esterházy, aminiyar Sophie ce, don haka duk abin da yarinyar ta yi da safe ya isa kunnen surukarta kafin rana ta faɗi. Mijin kuwa yana sonta, wannan ba wanda ya musa, amma mutum ne da ke kan teburin aiki tun kafin asuba, ga Yaƙin Crimea ya ɗauke masa hankali a shekarar auren, kuma bai saba musa wa uwarsa ba.

A kan 'ya'ya abin ya fi ƙamari. Elisabeth ta haifi 'ya mace a 1855, aka sa mata suna Sophie, sai Gisela a 1856. Kakarsu ce ta zaɓi masu reno, aka kuma shirya ɗakin yaran kusa da sashenta, a kan hujjar cewa uwar ita ma yarinya ce. A tsarin gidan, 'ya'yan sarki dukiyar daula ne kafin su zama na uwarsu. Elisabeth ta yi ta faɗa har ta samu aka matso da su kusa da ita, kuma a 1857 ta nace sai ta tafi da su ziyarar Hungari, duk da surukarta ta hana. A can yaran biyu suka kamu da zawo da zazzaɓi, ƙaramar Sophie ta rasu a Buda ranar 29 ga Mayu tana da shekara biyu. Duk wanda ya san zaman gidan miji ya san abin da irin wannan rashi ke yi wa bakin matar da ta yi gardama. Da aka haifi Rudolf ranar 21 ga Agusta 1858, magajin da ake jira, ba ta ja ba, renonsa ya koma hannun kakarsa.

Haihuwar Rudolf ta sauke mata babban nauyin da ke kanta, ta kuma canza lissafi, ko da ita kanta ba ta gane haka nan da nan ba. Shekarar da ta biyo, Faransa da Sardiniya suka ci Ostiriya a Magenta da Solferino, Lombardi ta suɓuce, kuma sarki da kansa ne ya jagoranci sojan da aka kora a Solferino. Mulkin kama-karyar da Sophie da mutanenta suka tsaya a kai ya sha kunya. A cikin gida kuma ana ta raɗe-raɗin sarki na neman mata. A 1860 Elisabeth ta kwashi kayanta ta tafi Possenhofen, kuma kafin shekarar ta ƙare likita ya ce tari ya taɓa huhunta, sai ta nemi wuri mai ɗumi. Ta zaɓi tsibirin Madeira, can cikin tekun Atlantika, Sarauniya Victoria ta Ingila ta ba da aron jirginta. Ta dawo Viyana a 1861, cikin 'yan kwanaki tarin ya dawo, ta wuce tsibirin Corfu. Sai a 1862 ta koma fada sosai.

A wurinmu sunan wannan abu yaji, kuma duk mai yaji ta san ƙarfinta yana ga yadda mijin ke buƙatar biko. Franz Joseph ya yi ta biko, har Corfu ya bi ta. Dalili biyu ne suka sa bikon ya zama dole. Na farko yana sonta. Na biyu, daular da ta sha kashi a fagen yaƙi tana buƙatar abin nunawa, kuma matar da ta dawo daga tafiyar ba yarinyar nan mai sunkuyar da kai ba ce. Ta zama macen da jakadu ke rubuta wa ƙasashensu labarin kyanta. Ta ɗauki kyan nan kamar sana'a. Tsawonta santimita 172, nauyinta ta tsare shi wajen kilo 50 kusan duk rayuwarta, da yunwa da motsa jiki. Ta sa aka kafa mata ƙarafan lilo a ɗakinta na Hofburg, abin da fadawa suka ɗauka zubar da girma ne. Gashinta da ya sauko har ƙasa da gwiwa yana cin awa biyu zuwa uku kullum a hannun mai gyara shi, Fanny Feifalik, wadda ta ɗauko daga gidan wasan kwaikwayo, kuma a wannan zaman ne take koyon harsuna. Zanen da Winterhalter ya yi mata a 1865, da taurarin lu'ulu'u a gashi, shi ne hoton da duniya ta riƙe har yau. Masana da dama na ganin alamun cutar ƙin cin abinci a wannan hali nata, kuma da wuya a kawar da wannan. Amma a fadar da komai nata yake hannun wasu, jikinta ne kaɗai yankin da take mulki, kuma ta ga yadda darajarsa ke hawa duk lokacin da aka yi kewarsa.

Karo na farko da ta ci ribar wannan a fili shi ne kan Rudolf. Yana da shekara shida aka damƙa shi ga wani janar, Count Gondrecourt, don ya mai da yaro mai rauni da tsoro soja. Janar ɗin yana harba bindiga a ɗakin yaron da dare, yana yi masa wanka da ruwan sanyi, yana sa shi fareti a cikin ƙanƙara, ya taɓa barinsa a gandun daji yana yi masa ihun cewa ga gadu nan tafe. Yaron ya lalace. A watan Agusta 1865, a Ischl, Elisabeth ta rubuta wa mijinta takarda, ba roƙo a ciki. Ta nemi cikakken iko a kan duk abin da ya shafi 'ya'yanta, masu kula da su, inda za su zauna da irin karatunsu, sannan ta ƙara da cewa ita kaɗai za ta yanke inda za ta zauna da yadda za ta tafiyar da harkokinta. Sarki ya san abin da ƙi zai jawo. Aka sallami Gondrecourt, aka kawo Joseph Latour, wanda ya tara wa yariman malamai masu sassaucin ra'ayi, da yawansu ba 'yan sarauta ba. A lura da rabi na biyu na takardar, domin shi ne ya zama lasisin duk tafiye-tafiyenta na shekara talatin masu zuwa.

Karo na biyu shi ne Hungari, kuma nan ne rayuwarta ta taɓa tarihin Turai. Hungariyawa sun yi tawaye a 1848, suka ayyana tsige gidan Habsburg a 1849, kuma sai da Rasha ta turo soja aka murƙushe su. Ranar 6 ga Oktoba 1849 aka kashe hafsoshinsu 13 a Arad, aka harbe tsohon firaministansu Batthyány a Pest. A 1853 wani tela Bahungare, Libényi, ya daɓa wa Franz Joseph wuƙa a wuya a Viyana. Don haka a wurin Sophie da jama'arta, Hungari gidan 'yan tawaye ce. Ba sai an yi dogon bincike ba kafin a ga dalilin da ya sa surukar da ke neman abin da zai ɓata wa fada rai ta fara son ƙasar. Amma son bai tsaya a nan ba. Ta koyi harshen, mai wuyar gaske, har ta ƙware. A 1864 ta ɗauki Ida Ferenczy, 'yar ƙananan masu gona da ba ta cika sharaɗin shiga fada ba, ta zama aminiyarta, kuma ta hannun Ida ne wasiƙu suka riƙa kai da komo tsakaninta da jagororin Hungari masu neman sulhu: Ferenc Deák, lauya mai haƙuri, da Count Gyula Andrássy, wanda kotun sojan Ostiriya ta taɓa yanke wa hukuncin kisa a bayan idonsa saboda rawar da ya taka a tawayen.

Ranar 3 ga Yuli 1866 Furushiya ta ragargaza sojan Ostiriya a Königgrätz. Da abokan gaba suka doso Viyana, Elisabeth ta kwashi 'ya'yanta zuwa Buda, abin da Hungariyawa suka karanta a matsayin amana. Daga can ta riƙa aika wa mijinta wasiƙa kan wasiƙa, tana matsa masa ya gana da Andrássy, ya ba Hungari abin da take nema, tana haɗawa da makomar ɗansu. Sarki ya yi ta turjiya, yana tuna mata cewa yana da wasu talakawan ban da Hungariyawa. A ƙarshe dai aka yi sulhun 1867. Daula ta rabu gida biyu, kowane da majalisarsa da gwamnatinsa, Viyana da Budapest, suna tarayya a sarki ɗaya, soja, harkokin waje da kuɗin gudanar da waɗannan. Kason da kowane ɓangare zai biya, wanda aka fara da 70 da 30, za a riƙa sake tattauna shi duk shekara goma. Ranar 8 ga Yuni 1867 aka naɗa Franz Joseph da Elisabeth sarki da sarauniyar Hungari a cocin Matthias da ke Buda. Andrássy, mutumin da aka taɓa rataye sunansa a madadin wuyansa, yanzu firaminista, yana cikin waɗanda suka ɗora wa sarki kambi. Ƙasar ta ba ma'auratan kyautar fadar Gödöllő.

Nawa ne rabonta a wannan? Masu ƙaunarta sukan ba ta duka, kuma wannan wuce gona da iri ne. Ostiriya ta rasa Lombardi, ta rasa Benis, an fitar da ita daga harkokin Jamus, baitulmali ya bushe. Deák ya riga ya buɗe ƙofar sulhu tun da wata maƙala da ya wallafa lokacin Ista na 1865, kuma Beust, ministan harkokin wajen da aka ɗauko daga Saksoni, shi ya tura yarjejeniyar har ta kammala, don yana son daula ta kwanta a cikin gida ta fuskanci Bismarck, jagoran gwamnatin Furushiya. Ko babu Elisabeth, da wuya sarki ya tsere wa daidaitawa da Hungari. Abin da ta yi shi ne ta sa mutumin da ba ya yarda da tsofaffin 'yan tawaye ya zauna da ɗaya daga cikinsu, ta kuma ba Hungariyawa fuskar da za su so a cikin gidan da suka tsana. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne a mulkin da komai ke ratsawa ta zuciyar mutum ɗaya.

Akwai kuma ɓangaren da masu sayar da kofuna masu hotonta ba sa faɗa. Sulhun ya ɗaga ƙabila biyu, Jamusawa da Hungariyawa, a kan sauran. Mutanen Cek, waɗanda Bohemiya tasu ita ma tsohuwar masarauta ce mai kambinta, sun nemi irin wannan matsayi ba su samu ba. Franz Joseph ya yi alkawarin zuwa Prague a naɗa shi a 1871, maganar ta rushe, kuma Andrássy na cikin waɗanda suka rusa ta. A ɓangaren Hungari kuwa, inda Hungariyawan asali ba su kai rabin jama'a ba a lokacin, Sulobak da Romaniyawa da Sabiyawa suka shiga shekarun tilasta musu harshen Hungari a makarantu da ofisoshi. Andrássy ya zama ministan harkokin wajen daula daga 1871 zuwa 1879, kuma a zamaninsa ne aka mamaye Bosniya a 1878. Ba za a ɗora wa Elisabeth alhakin kisan magajin daular, Franz Ferdinand, a Sarajevo ta Bosniya a 1914, wanda ya kunna Yaƙin Duniya na Ɗaya, ba, wannan zalunci ne. Amma siyasarta ta so ce, ba ta lissafi ba. Ta zaɓi al'umma ɗaya daga cikin goma sha wani abu, ba ta taɓa nuna damuwa da sauran ba, kuma mijinta da ake yi wa kallon mai taurin kai ya fi ta ganin wannan matsala.

Abin mamaki shi ne, tana kan ganiyar tasirinta ta saki. Ta haifi Marie Valerie a Buda a watan Afrilu 1868, ta rene ta da kanta, da harshen Hungari, ta zuba mata duk son da ba ta nuna wa Gisela da Rudolf ba. Sophie, wadda kisan ɗanta Maximilian a Meziko a watan Yuni 1867 ya riga ya karya, ta rasu a 1872. Fage ya zama na Elisabeth ita kaɗai, babu sauran mai hana ta zama uwar daula yadda take so. Ba ta karɓa ba. Daga 1876 zuwa 1882 lokacin sanyi yakan same ta a Ingila ko Ayalan tana farautar dila a kan doki, da ayarin barori da dawakai masu tsada, kuma zuwanta Ayalan, inda ake rikici da mulkin Ingila, bai yi wa gwamnatin Landan daɗi ba. Da tsohon Sarki Ferdinand ya rasu a 1875 ya bar wa Franz Joseph dukiya, kuɗin da ake ba ta duk shekara ya tashi daga gulden (kuɗin Ostiriya na lokacin) 100,000 zuwa 300,000. Da ta bar hawa, sai tafiyar ƙasa ta awa shida ko bakwai, mata masu rakiya suna jan ƙafa a bayanta. Tun tana 'yar shekara talatin da 'yan kai ta daina yarda a ɗauke ta hoto, tana kare fuska da mafici ko laima. Har abokiyar hira ta nema wa mijinta, 'yar wasan kwaikwayo Katharina Schratt, don ya rage kewa ita kuma ta rage jin nauyi.

A nan ne nake rabuwa da masu mai da ita gwarzuwar 'yancin mata. An cuce ta tana yarinya, wannan gaskiya ne. Amma matar da ta kai shekara arba'in ta ajiye aikin ta riƙe albashin. Takan ziyarci asibitoci da gidajen masu taɓin hankali, sau da yawa ba sanarwa, kuma ta kula da sojojin da aka raunata a 1859 da 1866, sai dai ba ta gina wani abu mai ɗorewa da matsayinta ba. Waƙoƙin da ta riƙa rubutawa a ɓoye a shekarun 1880, tana koyi da mawaƙi Heinrich Heine, cike suke da ba'a ga dangin mijinta da fadawa, da ra'ayin cewa zamanin sarakuna ya ƙare. Ta kai wani ɓangare na dukiyarta Suwizalan, kuma shugaban wannan jamhuriya ta bar wa wasiyyar rubuce-rubucen, ba ma'ajiyar Habsburg ba. Ta hango faɗuwar gidan, ta tanadi mafita, ta ci gaba da yawo a jirgin ruwan gidan.

Wanda ya fi kowa biyan kuɗin wannan nisa shi ne Rudolf. Ilimin da ta ƙwato masa a 1865 ya yi aiki: ya tashi mai kaifin basira, mai ƙin mulkin limaman coci da 'yan gargajiya, mai ƙyamar dogaro da Jamus, har yana rubuta maƙaloli ba suna a jaridar abokinsa Moritz Szeps. Amma uban bai ba shi wani aiki na gaske ba, aurensa da Stephanie ta Beljiyam ya lalace, ciwo da giya da ƙwaya suka shiga. Shi ne ɗan da ya fi kama da ita a tunani, kuma ita ce mutum ɗaya da za ta iya shiga tsakaninsa da uban, amma ba ta nan. Ranar 30 ga Janairu 1889 aka tsinci gawarsa a gidan farauta na Mayerling tare da ta Mary Vetsera, 'yar shekara 17. Ya harbe ta, ya harbe kansa. Elisabeth aka fara gaya wa, ita ta sanar da sarki. Rudolf ya bar wa uwarsa wasiƙa, bai bar wa uban ba. Fada ta fara cewa ciwon zuciya ne, daga baya ta amsa cewa shi ya kashe kansa cikin gushewar hankali, domin coci ta yarda a binne shi. Gadon ya koma ga ƙanen sarki, daga shi kuma zuwa ɗansa Franz Ferdinand.

Shekarun da suka rage ba su da yawan labari. Baƙaƙen kaya, jirgin ruwa, Corfu inda ta gina fadar Achilleion ta kuma gaji da ita ba da jimawa ba, Aljeriya, Masar, gaɓar Faransa, wuraren jinya. Ɗan'uwanta Sarki Ludwig na II na Bavariya ya riga ya mutu a tafkin Starnberg a 1886, ƙanwarta Sophie ta ƙone a gobarar wata kasuwar sadaka a Paris a 1897.

Ranar 10 ga Satumba 1898 ta fito daga otal ɗin Beau-Rivage a Jeneva tare da Countess Irma Sztáray, za su hau jirgin ruwa zuwa Montreux. Da sunan aro take tafiya, Countess ta Hohenembs, kuma ba ta son 'yan sanda su bi ta, amma jarida ta riga ta fallasa zuwanta. Luigi Lucheni, Ba'italiye ɗan shekara 25 da uwarsa ta yar tun yana jariri, ya tashi a gidajen marayu, ya rungumi aƙidar masu ƙin kowace irin hukuma, ya zo garin ne don ya kashe Yariman Orléans na Faransa, bai same shi ba. Ya soke ta a ƙirji da siririn magagari da ya wasa. Ta faɗi, ta tashi, ta ɗauka naushi ne, ta taka har cikin jirgin kafin ta suma. Ƙarfen ya huda zuciya, ɗamarar da ta matse jikinta ce ta rage gudun jinin. Ta cika tana da shekara 60. Lucheni bai san komai game da ra'ayinta kan sarauta ba, kuma bai damu ya sani ba. Muƙamin yake nema, kamar yadda 'yan aƙidarsa suka kashe shugaban Faransa Carnot a 1894, suka kuma kashe Sarki Umberto na Italiya a 1900. Jeneva ta riga ta soke hukuncin kisa a dokarta, don haka aka yi masa ɗaurin rai da rai, ya rataye kansa a kurkuku a 1910. Kisan ya sa ƙasashen Turai suka yi taro a Rum a ƙarshen 1898 kan yadda 'yan sandansu za su haɗa kai.

An binne ta a ƙarƙashin cocin Capuchin a Viyana, kuma ko a kan akwatin gawar sai da aka yi siyasa: an rubuta matar sarkin Ostiriya kawai, Hungariyawa suka yi ƙorafi, aka ƙara sarauniyar Hungari. Mutanen Viyana, waɗanda suka daɗe ba su ga fuskarta ba, sun fi tausaya wa sarkinsu da ya tsufa, Budapest ce ta yi makoki na gaske. Franz Joseph ya rayu har 1916, daular ta bi shi bayan shekara biyu.

Sisin da masu yawon buɗe ido ke layi don gani a Hofburg da Gödöllő yau, yawancinta an ƙera ta ne tsakanin 1955 da 1957, a finafinai uku da Romy Schneider ta fito a ciki, lokacin da Ostiriya da Jamus ke neman wani tarihi mai daɗi da za su tuna bayan yaƙin Hitler. Waƙoƙinta kuwa, da ta yi wasiyyar a rufe su shekara 60, gwamnatin Suwizalan ta karɓe su a farkon shekarun 1950 ta ajiye. Sai a 1984 masaniyar tarihi Brigitte Hamann ta fitar da su, bayan finafinan sun yi kusan shekara talatin suna gaya wa mutane ko wace ce ita.